Akwatin Sallau

Kwana tara ina zarya Tudun Wada
kafin Sallau ya buga ƙusar ƙarshe.
Ya ce, "Na ƙera gado, na ƙera benci,
ban taɓa ƙera ƙarya mai murfi ba sai yau."
Katako mara nauyi, jan fenti,
madubi a gicciye, kusurwa zuwa kusurwa.
Wanda ya leƙa zai rantse wayam ne,
alhali rabin ciki ya yi lamo bayan gilashi.

Na ɗaure shi a babur, na bi ta Ƙofar Doka
ina kauce wa ramuka kamar mai dakon ƙwai.

Asabar ne wasan, firamaren su Ladidi a Gyallesu.
Yaran nan sun ga komai a waya.
In na shigo da muzurai da baƙin mayafi,
wani ɗan aji uku zai ce, "Madubi ne!"
tun ban gama sallama ba.

To, bari in riga su yi wa kaina dariya.

Zan shigo da akwati a ka kamar mai talla,
in yi ta neman tebur alhali yana gabana,
sai sun gaji da ihun "Ga shi nan!"
In buɗe gaba, in buɗe sama, su gani babu komai.
In ce, "Yau tattabara za ta tashi."
Surkullena kuwa sunayen unguwanni ne:
Kusfa! Kwarbai! Jushi! Tukur-Tukur!
In zura hannu har gwiwa,
sai ga buta.

In dube ta. Ta dube ni.
A nan zan ƙirga uku a zuci,
don dariya tuwo ce, sai an bar ta ta sulala.

Na biyu, takalmi wari guda,
in juya ina leƙen ƙafar hedimasta.
Na uku ban samu ba.
Na gwada rake, na gwada ludayi,
babu wanda ya zauna.

Daren Laraba na gwada a tsakar gida.
Tasalla na tsinke zogale a tabarma,
Tanimu na haska mini da tocila.
Buta ta fito. Shiru.
Tasalla ta ce, "Tawa ce, a mayar inda aka ɗauko."
Takalmi ya fito. Tanimu ya yi hamma.
Tattabarar ma ta ɓata mini madubi.

Na zura hannu da haushi, can ƙuryar ɓoye,
yatsana ya taɓa takarda a ninke.
Ba ni na sa ba.
Na warware, na karanta a bayyane
kafin hankalina ya iso bakina:
"Saura dubu huɗu da ɗari biyar.
Madubi ba kyauta ba ne. Sallau."

Zogale ya watse.
Tocila ta faɗi tana haska kaji.
Tasalla ta riƙe ciki tana neman numfashi,
maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambayar ko lafiya.
Ni kuwa ina tsaye da takarda,
da fuskar da na yi wata guda ina nema a madubin aski.

Na uku ya samu ke nan.
Tattabara sai can, bayan sun manta da ita,
ina tattara kaya kamar wanda ya sha kaye,
ta fasa murfi ta bi ta taga.

Sallau ya aiko yaro jiya.
Na ce a gaya masa ya yi haƙuri sai Lahadi.
Kuɗin na nan ƙarƙashin filo,
amma in na biya kafin Asabar
fuskar nan za ta gudu.